Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Wuta, Iska da Ruwa a Sababbin Kotunanmu

Zuwa ga Masu Girma Manyan Jojin jihohin Arewa, da Alƙalan Alƙalai na Kotunan Ɗaukaka Ƙara na Shari'ar Musulunci, tare da Kwamishinonin Shari'a da na Ayyuka.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, Allah ya ƙara muku lafiya, ya dafa muku a kan nauyin da kuka ɗauka.

Ni injiniya ne. Sana'ata ita ce abin da ido ba ya gani a jikin gini: wayar da ke cikin bango, bututun da ke ƙarƙashin daɓe, da iskar da ke yawo a saman silin. Na haura shekara 20 ina wannan aiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda ake ta aza harsashin sababbin kotuna, daga ginin Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Abuja da aka fara a Dakibiyu a 2024 har zuwa gine-ginen da jihohi ke sa wa hannu a kasafinsu. Abin farin ciki ne. Amma ina jin tsoron kada mu sake maimaita abin da na sha gani, wato a zuba kuɗi a fuskar gini, a bar numfashinsa sai an gama sannan a tuna da shi.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Wasu shekaru da suka wuce na raka gwaggona kotu, kan wata gona da ta gada aka so a raba ta da ita. Watan Afrilu ne, gini sabo fil, tayil har bango, tagogin gilashi manya-manya waɗanda ba sa buɗuwa. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareto, ashe a bayan tagar da ke kusa da akwatin shaida aka girke shi. Gwaggo ta haura shekara 70, muryarta ba ta fita, ga kunya ga tsoron wuri. Tana magana, tafinta na cewa ta sake faɗa. Alƙali ya tura kansa gaba, ya sa hannu a kunne, ya ce a kashe iyakwandishan ɗin da ke gurnani a kansa. Aka kashe. Kafin minti 20 ɗakin ya koma kamar tanda, lauyoyi cikin baƙar riga da farar hular nan suna ta fifita da fayil, wani yaro ya fara kuka. Alƙali mutum ne mai haƙuri, na shaida masa wannan, amma jiki magayi. Ya ɗage zama zuwa wata biyu. Gwaggo ta sayar da akuya kafin ta samu kuɗin mota, ga shi sai ta sake sayar da wata.

A hanyar komawa ta tambaye ni, "Ɗan nan, ko dai ban iya magana ba ne?" Na ce mata, "Gwaggo, kin yi magana daidai, ɗakin ne bai bari an ji ki ba."

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Ya ce a saurari kowa da adalci, a yi shari'a a bainar jama'a, a kuma samar wa wanda ake tuhuma tafinta kyauta idan bai fahimci harshen da ake amfani da shi ba. Duk wannan a kan ji ya rataya. Idan alƙali bai ji shaida ba, idan tafinta ya ji rabi ya cike rabi da ka, idan jama'ar da ke benci na baya suna ganin baki na motsi kawai, to an tauye wani abu daga wannan sashe ba tare da kowa ya yi niyya ba. Mu injiniyoyi ne ke da hannu a wannan tauyewar, tare da waɗanda suka hana mu zama a teburin zane tun farko.

Ga yadda abin yake tafiya a galibin ayyukan gwamnati da na gani. Mai zanen gini zai fitar da taswira mai kyau, a nuna wa gwamna hoto, ya yi na'am. A takardar ƙiyasin kuɗi sai a ware wani dunƙulen kuɗi a rubuta cewa na wuta da famfo ne, babu zane, babu lissafi. Ɗan kwangila zai tayar da bulo, a zuba kankaren rufi, a yi filasta. Sai an zo fenti ake neman mai waya. Shi kuma ya zo da guduma da kurfi ya fara sassaƙe bango, wani lokaci har ya huda ginshiƙi don ya wuce da bututu. Kuɗi kuma sun riga sun ƙare a marmara da ƙofar gilashi, don haka sai a sayo waya mai araha da na'ura mafi sauƙin kuɗi a kasuwa. An taɓa kira na in duba wata sabuwar kotu da ba ta cika shekara biyu ba. Na cire allon silin guda ɗaya a ɗakin ajiyar fayil, sai ga bututun banɗakin bene ya ratsa ta kan kantocin takardu, yana ɗiga a hankali. Fayilolin da ke ƙasa sun manne da juna, tawada ta narke, fumfuna ta yi musu kore. Magatakarda ya ɗago guda ɗaya ya ce mini wannan shari'ar gado ce ta marayu, shekararta tara ana yi. Babu wanda ya yi mugunta a wurin. Kawai mai famfo bai taɓa ganin taswirar da ta nuna masa abin da za a ajiye a ƙarƙashin bututunsa ba.

Kotu ba ofis ba ce. A cikin gini guda akwai mutum iri uku da bai kamata hanyarsu ta haɗu ba sai a zauren shari'a: jama'a, alƙalai da ma'aikatansu, da kuma tsararrun da gandirobobi ke kawowa. Masu zanen kotuna a duniya sun daɗe da amincewa da wannan. Abin da ake mantawa shi ne, bututun iska ma hanya ce. Idan aka haɗa ofishin alƙali da barandar jama'a a kan bututu ɗaya, maganar da yake yi a ɗaki za ta iya fita ta ragar silin. Idan aka haɗa ɗakin tsararru da zauren shari'a, iskar da suka shaƙa ita kowa zai shaƙa. Irin wannan ba ya gyaruwa bayan an zuba kankare.

Zan daɗe a kan zafi, domin shi ne babban abokin gabarmu. Mutum ɗaya yana zaune kawai yana fitar da zafin da ya kai wat 100 ko fiye. Zaure mai mutum 100 ke nan yana da kilowat 10 na zafin jiki kaɗai, ba a sa na rana da ke dukan kwano da gilashi ba, ba a sa na fitilu da kwamfuta ba. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin na gidajenmu, kilowat uku da rabi yake iya kwashewa. Guda uku ke nan sun tafi a kan jikin mutane tun kafin a taɓa zafin ginin. Sannan akwai wani abu da ba kowane mai saye ya sani ba. Ƙa'idar gwaji ta duniya ta raba waɗannan na'urori aji-aji. Na ajin T1 ana auna ƙarfinsa ne a zafin waje na digiri 35, na ajin T3 kuma a digiri 46. A Sakkwato da Maiduguri da Yola, watan Afrilu zafi na haura 40 a inuwa, balle a kan rufin kankare inda ake jera injinan. Wanda ya sayo T1 ya kafa a can, ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da zai gaza. Harafi ɗaya da lamba ɗaya a takardar kwangila sun isa su hana wannan.

Na biyu, iyakwandishan na bango ba ya kawo sabuwar iska. Wadda ke ɗakin yake juyawa yana sanyaya ta. A rufe mutum 100 awa uku a haka, iskar da suke fitarwa za ta taru, kai ya yi nauyi, hamma ta yawaita, hankali ya rarrabu. Sau da yawa gyangyaɗin da ake gani a zauren shari'a da rana tsaka daga nan yake. Abin da muke lissafawa shi ne a shigo da lita 8 zuwa 10 na sabuwar iska a kowane sakan ga kowane mutum, a tace ta, a sanyaya ta kafin ta shiga. Tacewar nan ba abin wasa ba ce a ƙasar da hunturu ke lulluɓe ta da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Dole matatar ta zama irin wadda ake wankewa, a kuma sa ta inda ma'aikaci zai kai hannu ba tare da ya nemo tsani mai tsawon mutum uku ba. Duk matatar da ke da wuyar kaiwa, ba za a taɓa wanke ta ba. Wannan na gani ya fi a ƙirga.

Kafin ma a kai ga inji, ginin kansa ya kamata ya yi rabin aikin. Kakanninmu sun san wannan. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da rana tsaka, ya ji sanyin da babu waya ko ɗaya a bayansa. Bango mai kauri, rufi mai tsawo, ƙananan tagogi a sama inda zafi ke fita. A irin waɗannan zauruka alƙalan da suka gabace ku suka yi ta yanke hukunci. Ban ce a koma ginin ƙasa da azara ba. Cewa nake a juya dogayen ɓangarorin gini su fuskanci kudu da arewa, a rage gilashi a gabas da yamma, a yi baranda mai inuwa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, a ɗaga silin, a bar tagogi masu buɗuwa, a kuma rataya fanka ko da akwai iyakwandishan. Ranar da komai ya tsaya, a buɗe taga a ci gaba da zama. A barandar da jama'a ke jira kuwa, ana iya amfani da na'urar da ke sanyaya iska ta hanyar ratsa ta cikin jiƙaƙƙen abu, dabarar randa ke nan, kuma a busasshen zafin Maris da Afrilu tana aiki sosai da wuta kaɗan. Da damina ce take rauni, lokacin kuma zafin ya riga ya sauka.

Ra'ayina a kan babban injin sanyi guda ɗaya mai ciyar da dukkan gini shi ne a yi hattara. A takarda ya fi tsimin wuta. Amma na ga gine-ginen gwamnati da dama da irin wannan inji ya mutu saboda wani ɗan ƙarfe da sai an yi odarsa daga waje, aka shekara ana jira, daga baya aka huda bango aka liƙa na gida. Gara kowane zaure ya samu nasa tsarin, idan ɗaya ya lalace sauran su ci gaba. Kuma kafin a zaɓi kowace na'ura a tambaya: akwai kayan gyaranta a Sabon Garin Kano? Akwai mai gyaranta a Panteka ta Kaduna? A kuma guji masu aiki da iskar gas ta R22, domin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montreal ta sa ana kan daina ta, nan gaba kaɗan samunta zai yi wuya.

Sai sauti. Maganar mutum ta yau da kullum ba ta wuce desibel 60, a ma'aunin ƙarfin sauti, a tazarar mita ɗaya, tana kuma raguwa da nisa. Mai jin tsoro, ko yarinyar da ake tambaya abin da ba ta son faɗa, tata ta fi haka ƙasa. Saboda haka ƙarar da injina ke yi a zauren shari'a bai kamata ta wuce desibel 35 ba. Wannan yana nufin a kai janareto can ƙarshen fili cikin ɗakinsa mai shanye ƙara, a lura da inda iska ke kai hayaƙinsa, a fitar da injin iska daga kan alƙali, a faɗaɗa bututu don iska ta tafi a hankali. Marmara da tayil da gilashi kuwa suna mayar da murya, magana ta riƙa hawa kan magana. Amsa-kuwwar zaure ya kamata ta mutu kafin sakan ɗaya, kuma ana samun haka da silin da allunan bango masu shan sauti, waɗanda kuɗinsu bai kai na marmarar ba. Idan ɗaki na amsa-kuwwa, ƙara lasifika ƙara hayaniya ne.

Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da doka ta buɗe ƙofar na'ura. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 364, ta yarda a ɗauki zaman kotu da na'ura, sashe na 232 kuma ya yarda a karɓi shaida ta bidiyo a wasu manyan laifuka don kare mai shaida. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan turba. Lokacin korona, a Afrilun 2020, Babbar Kotun Borno na cikin na farko da suka yi zama ta intanet, kuma a Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta ce irin wannan zama bai saɓa wa tsarin mulki ba. Duk mai son a rage wa alƙalai wahalar rubuta kowace kalma da hannu zai yi murna. Sai dai makirfo ba ya zaɓe, abin da ke ɗakin yake ɗauka, har da gurnanin janareto. Kuma na'urar ɗaukar magana da ta mutu na sakan 30 lokacin da ake canji daga wutar Nepa zuwa inji, ta yar da jimlar da wataƙila a kanta hukunci zai tsaya.

Wannan ya kawo ni kan wuta. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala. Duk wanda zai zana kotu a nan ya zana ta da wannan makon a ransa. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wato na waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit. Janareto kuwa yana shan kusan kashi ɗaya cikin uku na litar dizal kafin ya ba da yunit ɗaya, idan lita ta haura naira 1,000 kun ga mai kaɗai ya wuce naira 300, ba a sa bakin mai da gyara ba. Alhali kotu da rana take aiki, daga tara na safe zuwa la'asar, daidai lokacin da Allah ya hore mana rana fiye da yawancin ƙasashen duniya. Ban san ginin gwamnati da sola ta dace da shi kamar kotu ba. A zana rufin tun farko yadda zai ɗauki nauyin faifan, a yi rumfar motoci da su, a kai famfo har rufin domin ƙurar hunturu na rage musu ƙarfi idan ba a wanke ba. Batir kuma a ba shi ɗaki mai sanyi da iska, zafi ne ke kashe shi kafin lokacinsa.

A raba wutar gida uku. Akwai wadda ba za ta ɗauke ba ko na ƙiftawar ido: na'urar ɗaukar magana, kwamfutocin rajista, kyamarori, ƙararrawar gobara, fitilun ɗakin tsararru da na matakala. Akwai wadda za ta iya jiran inji ya tashi: fanka, fitilu, famfon tura ruwa. Sai mai nauyi, wato sanyi, wadda za a iya ragewa idan hali ya yi tsanani. A daina sayen ƙaton janareto don a ce an saya. Injin dizal da ke aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa yana tara ɗanyen mai a salansa, ya lalace da wuri. Matsakaita biyu sun fi ƙato ɗaya.

Akwai wani abu ƙarami da nake roƙon a rubuta a kwangila: a auna wayar ƙasa, wato wadda ke kai rarar wuta ga sandar da aka binne a ƙasa, da rani. Ƙasarmu tana bushewa ƙayau daga Janairu zuwa Afrilu, sandar da ta ba da sakamako mai kyau a Agusta tana iya zama ba ta da amfani a Maris. Tsawar farkon damina kuma kan busasshiyar ƙasa take sauka, ita ce ke ƙone kwamfutoci da inbata. A gwada kebul kafin a binne shi, domin kasuwa cike take da waya mai fatar tagulla da cikin alminiyam, wadda ke zafi a cikin bango har ta kama. Hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin lantarki, wadda wata dokar ta 2015 ta kafa, aikinta ne ta duba ta ba da shaida kafin a haɗa wuta. A kira ta.

Gobara da ɓarna ba labarin nesa ba ne. A Oktoban 2020 aka ƙone Babbar Kotun Igbosere a Legas da takardun shekaru aru-aru. A Agustan 2024 ɓata-gari suka fasa Babbar Kotun Jihar Kano lokacin zanga-zanga, suka yi awon gaba da takardu da kayan shaida. A Satumban wannan shekarar madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri, har katangar gidan gyaran hali ta faɗi, fursunoni fiye da 200 suka tsere. Darasin da injiniya ke ɗauka a nan a fili yake. Ɗakin fayil da na kayan shaida su samu bango da ƙofar da za su jure wuta awa biyu, da na'urar jin hayaƙi, da abin kashe wuta na gas wanda ba ya jiƙa takarda, kuma kada bututun ruwa ko ɗaya ya bi ta kansu. Allon rarraba wuta da kwamfutocin ajiya kada a sa su a ƙarƙashin ƙasa, a ɗaga dakalin janareto da taransifoma. A ajiye kwafin komai a wani gari dabam. Ƙofofin zaure su buɗe waje. Sannan a zauna da gandirobobi a amsa tambayar da ba a son yi: idan wuta ta tashi, wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin tsararru, kuma ta wace hanya za a fitar da su?

Ɗakin nan na tsararru shi ne wurin da ya fi damuna, domin babu babban baƙon da ake kaiwa can ranar buɗe gini. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halinmu jiran shari'a suke yi, doka ba ta ce sun yi laifi ba. Ana kawo su tun safe, a cusa su a ɗaki mai ƙaramar taga, da bokiti a lungu. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma cunkoso da rashin iska su ne abincin wannan cuta. Ɗakin yana buƙatar fankar da ke zuƙe iska ta fitar da ita sama can nesa da tagogi, dare da rana. Yana buƙatar masai na ƙarfen da ba ya tsatsa kuma ba ya fasuwa, da makunnin ruwa a waje inda mai gyara zai taɓa ba tare da ya shiga ba, da ruwan sha, da magudana a daɓe don wanki. Kada a bar ƙugiya ko bututu a sarari da mai baƙin ciki zai rataya kansa. Mata su samu nasu, yara nasu. Mutumin da ya wuni a irin wancan ɗaki sannan aka tsayar da shi gaban alƙali, da wane ƙarfi zai kare kansa?

Ruwa kuma a zana shi da al'adarmu. Azahar tana samun mutane a kotu kullum, la'asar ma sau da yawa. Idan ba a yi wurin alwala ba, za a yi ta a kwanon wanke hannu ko a gindin bango, daɓe ya jiƙe, tsoho ya zame, filasta ta ruɓe. A yi dakalin zama, famfo a ƙasa-ƙasa, daɓe mai gangara marar santsi, na mata a keɓe, ruwan da ya fita kuma a kai shi gindin itatuwan da za su yi wa masu jira inuwa. Banɗaki ya zama akwai na tsuguno da na zama, kowanne da famfon cika buta. A yawaita na mata, su ne ke zuwa da goyo. Tanki ya ɗauki ruwan kwana biyu aƙalla, a ware na kashe gobara dabam yadda ba za a shanye shi ba. Rijiyar burtsatse da sokawe a raba su da tazarar mita 30, rijiyar a sama, ramin a gangare.

Kada a manta da masu buƙata ta musamman. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Gidan da ake hukunta masu karya doka shi ya fi cancanta ya fara cika ta. Lif yana da kyau, amma a ƙasar da wuta ke ɗaukewa, a tabbata akwai zauren shari'a da rajista da banɗaki mai faɗin keken guragu a ƙasa, da gangara har cikin akwatin shaida, da na'urar taimaka wa masu raunin ji.

Na san mafi yawan talakawa ba sa zuwa Babbar Kotu. Kotun majistare da ta shari'ar Musulunci ta ƙaramar hukuma suka sani, wasu a ɗakin haya suke zama. Su ma ba a bar su a baya ba. Faifan sola kaɗan, fanka huɗu, tanki, banɗaki biyu, da akwatin ƙarfe na fayil za su canza rayuwar irin wannan kotu. A fitar da zane guda mai kyau a riƙa maimaita shi.

Ranku ya daɗe, ma'aikatan shari'a sun rufe kotuna sama da wata biyu a 2021 suna neman a sakar wa ɓangarenku kuɗinsa, kuma an gyara sashe na 121(3) na tsarin mulki a kan wannan batu. Gwargwadon yadda kuɗin ke zuwa hannunku, gwargwadon yadda maganarku ke da nauyi a kan abin da za a gina muku. Ga roƙona. Kada ku amince da taswirar kotu sai kun ga zanen wuta, na iska da na famfo a gefenta, da lissafinsu, da hatimin injiniyoyin da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ta yi wa rajista. Ku sa a zauna da alƙali, da magatakarda, da tafinta, da gandiroba, da mai shara, kafin a ja layin farko, domin su suka san inda ke yi musu ciwo. Ku hana a yanke kuɗin waɗannan ayyuka don a ƙara ado. Kada a yanka kirtani sai an kunna komai gaba ɗaya an bar shi mako guda, a cika zaure da mutane, a ɗauke wuta da gangan a ga abin da zai faru, a sa wani ya yi magana ƙasa-ƙasa a akwatin shaida wani ya saurara daga benci na ƙarshe. Ɗan kwangila ya miƙa zanen abin da ya binne a zahiri, da littafin kowace na'ura, a riƙe wani kaso na kuɗinsa har gini ya ga bazara ɗaya da damina ɗaya. A kasafin kowace shekara a ware kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na darajar ginin don kula da shi, a ɗauki masu gyara na dindindin, ga yaranmu nan da suka gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ABU da BUK suna neman aiki.

Gwaggona ta samu gonarta a zama na huɗu, cikin watan Agusta, ranar da aka yi ruwa da safe gari ya yi sanyi, aka bar ƙofa a buɗe, janareto kuma a kashe. Idan wani daga cikinku na da kotun da ake shirin ginawa, ni da abokan sana'ata a shirye muke mu duba taswirar tun tana kan takarda.

Allah ya ja zamaninku, ya sa ku gama lafiya.

Naku,
Wani injiniyan lantarki da injina, daga Kaduna.